Birkin Gaba

Ba a kai ga sadakar uku ba magana ta gama zaga Gwarzo, ta gangara Kabo, cewa Dachung mai sayar da kayan babur ne ya kashe Fahad. Wai da gangan ya lalata masa birkin babur, saboda an sha ganin yaron yana tsayawa hira da 'yarsa Tina a bakin shago. Wasu suka ƙara da cewa dama babur ɗin ya ci mutum a Jos kafin a kawo shi, ya saba da jini. A ɗakin makoki na ji wannan, daga bakin matan da ko keke ba su taɓa hawa ba.

Fahad ɗan ƙanena ne. Ubansa Lawal shi ne dagacin ƙauyenmu, can bayan Masanawa. Ni na goyi Lawal, shi ya sa har yau idan mu biyu ne sunansa nake kira. Ni kuwa sunana Sa'ada, rayuwata ta ƙare a koyar da Fiziks a sakandaren 'yan mata, na yi ritaya na zauna a Gwarzo. Aikin ya bar mini hali ɗaya da dangi ba sa so: idan aka ce mini kowa ya san abu, sai na tambaya wa ya gwada.

'Yan sanda sun ɗauke Dachung tun ranar jana'iza, suka ce don kare lafiyarsa ne. Samarin ƙauyenmu da abokan Fahad na Gwarzo kuwa ba su ɓoye ba, sun ce suna jiran a shafa addu'ar bakwai ne, don kada a ce sun ɓata wa mamaci sadaka, sannan su cinna wa shagon wuta. Shagon nan bango ɗaya ne da ɗakunan da matarsa Anastasia take kwana da yaranta. Ta zo gidana da hantsi, ta ƙofar baya, ta lulluɓe kai da zane. Malamar firamare ce, rabin samarin da ke wannan alwashi ita ta koya musu riƙe fensir. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin tabarma ta ce, "Mama, ke gwaggonsa ce, ba ni da bakin roƙonki. Amma mijina ya fi son babur ɗin nan a kan ni. Ko da zai kashe mutum, ba zai ɓata birkinsa ba."

Na ce mata ban yi alkawarin komai ba, zan dai je na gani.

Na san babur ɗin, don Fahad bai bar ni na zauna ban san shi ba. Ranar da ya fara kawo shi gidana, ƙararsa ta sa kajina suka haye katanga. Baƙi ne da ja, gabansa a tsuke kamar kan kifi, mai hawansa sai ya kwanta a kan tankin mai. Irin wanda samari suke kira fawa-baik. Ya cire hular kwano yana dariya, ya ce Gwaggo ki zo ki ga Fiziks da idonki. Ya jero mini komai kamar hadda: silinda huɗu, si-si dubu, ƙarfin doki kusan ɗari biyu, giya shida. Daga tsaye zuwa gudun kilomita ɗari a awa, wajen daƙiƙa uku. Idan aka sake masa totur gaba ɗaya yana taɓa kusan ɗari uku. Nauyinsa kuma, har da mai, kilo ɗari biyu da ɗan wani abu.

Na ce masa wato ƙarfin babbar mota aka ɗora a kan nauyin buhu biyu na dawa. Ya ce haka ne. Na ce to duk wannan labarin tafiya ne, ina labarin tsayawa? Sai ya durƙusa ya nuna mini tayar gaba: faifan ƙarfe biyu, ɗaya a kowane gefe, kowanne ya kai faɗin tiren shayi. A baya kuwa faifai ɗaya ne, ɗan ƙarami kamar murfin tukunya. Ya tambaye ni ko na san dalili, yana so ya kama ni. Na ce masa tun kafin a haifi uwarsa nake koyar da dalilin.

Na fara da titi. Na shiga motar haya na sauka inda abin ya faru, kaɗan bayan mahaɗar da hanyar ƙauyenmu take fitowa kwalta. Wuri ne miƙaƙƙe, ana hango nesa. Mai amalanken shanun da Fahad ya daka yana nan a gonarsa, hannunsa a ɗaure, sa ɗaya ya rasa. Ya ce yana tsallakawa da kara ne, ya hango abin tun yana ɗan ɗigo a can nesa, ya ɗauka zai wuce sau biyu kafin ya iso. Bai kai tsakiyar titi ba ya ga fuskar hular. Ya ce ya ga hannun yaron na dama yana matsa wani abu, yana saki, yana sake matsawa. Wannan maganar tasa ce aka ɗauka aka ce birki ya ƙi.

Amma a kan kwalta akwai baƙin layi. Guda ɗaya, dogon gaske, ya fi tsawon filin ƙwallon firamare, yana tafiya yana lanƙwasa dama da hagu kamar sawun maciji, har ya ƙare inda jini ya bushe. Taya ce ta kulle ta ja ƙasa. Birkin da ya ƙi ba ya rubutu a kan titi. Kuma tayar da take wutsil-wutsil haka ta baya ce. Da ta gaba ce ta kulle, da tun a farko ya faɗi.

A ofishin 'yan sanda na tarar da wata tsohuwar ɗalibata da kaki, ita ta kai ni bayan gini inda aka jefar da babur ɗin. Gabansa ya koma ciki, fitilun sun tarwatse. Na tsuguna da ƙyar, gwiwoyina suna ƙara. Na bi bututun birkin gaba da yatsa daga hannu har taya, babu inda aka yanka. Ɗan kofin da ake zuba man birki a saman hannun dama bai fashe ba, murfinsa a rufe, amma cikinsa a bushe ƙarau. Can ƙasa kusa da faifan, akwai wani ɗan noti da ake kwancewa idan za a fitar da mai. A kwance yake, gefunansa duk sun cinye, an kama shi da filaya an murɗa. Fentin da ke ƙarƙashinsa ya ɗaye, jan yashi ya manne a wurin.

Suka bar ni na ga Dachung. Ya rame, gemunsa ya fito fari. Ya gaishe ni a tsaye, ya yi mini gaisuwar rashi kamar yadda ake yi. Na tambaye shi yaushe rabonsa da babur ɗin, ya ce tun da ya canza masa man inji a farkon wata. Na tambaye shi ko yana kwance noti da filaya. Ya kalle ni kamar na zage shi. Ya ce wata uku yana hana Fahad fita kwalta, yana koya masa a filin makaranta yadda ake matsa birkin gaba da yatsa biyu, a hankali sannan da ƙarfi, domin yaron ya zo da ɗabi'ar ƙaramin babur, komai sai ya taka na ƙafa. Abu ɗaya ya yarda masa: a cikin yashi ya bar na gaba, ya yi amfani da na ƙafa har ya hau kwalta.

Game da Tina kuwa, ya ce yarinyar lissafi take koya wa Fahad na jarrabawar da ya faɗi sau biyu. Wannan na yarda da shi nan take, don na san kan Fahad.

Da na fito na tsaya a tashar 'yan acaɓa ina neman mai kai ni gida. Babura sun fi goma a jere ƙarƙashin darbejiya. Ban san abin da ya kai hannuna ba, na kama hannun birkin na farko na matsa. Ya tafi har ya taɓa roba, babu wani abu da ya riƙe shi. Na matsa na biyu, haka. Na uku ma an cire hannun ɗungum. Samarin suka fara dariya, ɗaya ya ce Hajiya za ta shiga sana'a ne, a ba ta riga mai lamba. Wani ya ce a'a, duba-gari aka turo, a ɓoye masu tayar sanƙo.

Na tambaye su me ya samu birkunansu na gaba. Suka amsa kusan baki ɗaya cewa ai birkin gaba kisa ne. Ka matsa shi a yashi, ko akuya ta gifta ka damƙe shi a firgice, sai dai ka tsinci haƙoranka. Duk wanda ya sayi sabon babur, abin da zai fara yi ke nan, ya kai a sassauta masa wayar gaba ko a cire. Kowa ya san wannan.

Na ce wa ya gwada? Suka nuna mini tabo, wannan a haɓa, wancan a gwiwar hannu. Ba ƙarya suke yi ba.

Ina tsaye a nan na tuna da wani tabon. Shekarun baya, kafin a naɗa Lawal, yana dawowa daga kasuwar Getso da buhun wake a bayan ƙaramin babur ɗinsa, jaki ya fito masa, ya damƙe birkin gaba a cikin yashi. Ƙashin wuyansa ya karye, har yau kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka. Tun daga ranar, babu babur ɗin da ya kwana a gidansa da birkin gaba. Na 'ya'yansa, na barorinsa, har na malamin da ke limanci, duk sai ya kira Muntari bakanike ya kwance. Yana faɗin haka a zaure da alfahari, yana cewa shi ya sa ba a taɓa ɗauko kowa nasa daga titi ba.

Ban je gida ba. Na ce a kai ni ƙauye.

Rumfar Muntari a rufe take, kuma sai a lokacin na lura ban gan shi a wurin makoki ba ko sau ɗaya, mutumin da ya girma a zauren Lawal. Matarsa ta ce zazzaɓi yake. Na same shi a kwance a soro, fuskarsa ga bango, kwanon fura a gefe ƙudaje sun rufe. Na gaishe shi da jiki. Ya amsa ba tare da ya juyo ba. Na ce masa na ga wani noti da aka ci da filaya.

Sai ya ce, "Babu wayar birki a jikin babur ɗin, Inna. Na duba ko'ina, babu wayar da zan sassauta. Sai na ga mai ne."

Na tambaye shi wa ya sa shi.

"Ki tambayi Baba Dagaci. Ni ba zan iya ba."

A ƙofar gidan Lawal an shimfiɗa tabarmi, mutane suna ta zuwa suna tafiya. Na shiga cikin gida ta wurin mata. Barira, uwar Fahad, tana zaune inda na bar ta, idonta a bushe, carbi a hannu ba ta ja. Na tambaye ta a hankali abin da ya faru ranar da Fahad ya kwana a gida, jajibirin rasuwarsa. Ta ce ba abin da ya faru, wasa kawai ya yi wa ƙannensa a kan dandamalin siminti na gaban masallaci. Ya taho a guje ya tsaya cak, har tayar baya ta ɗaga sama, babur ɗin ya tsaya a kan hancinsa, sannan ya sauko. Yara suka yi ta ihu. Baban ya gani daga zaure, ya tashi ya shige ciki, ko tuwo bai ci ba a ranar. Da safe Fahad ya koma barci bayan asuba, da ya tashi ya yi wanka ya ce zai shiga Kano ɗaurin auren abokinsa, an makara.

A tsakar gida, gindin bishiyar da ake jingine babura, akwai wani baƙin tabo a ƙasa, faɗin tafin hannu biyu. Kaji suna tono kewaye da shi, ba sa taɓa shi.

Na jira aka yi azahar, mutane suka ragu, na aika a ce wa Dagaci yayarsa tana son ganinsa a ɗakinsa. Ya shigo ya cire rawani ya ajiye a kan gado. Ba rawani sai na ga tsufansa, na ga kuma kafaɗar nan. Ya ce Yaya an ce kin je wurin 'yan sanda, kin je ganin mutumin nan. Na ce na je. Ya ce bai so ba, amma ba zai hana ni ba. Shi dai ya ce wa samari kada su taɓa mata da yara. Na ce wuta ba ta jin wannan umarnin.

Sannan na tambaye shi ko ya kira Muntari safiyar ranar da Fahad ya rasu.

Bai ɓoye ba, bai ma ga abin ɓoyewa ba. Ya ce ya kira shi mana. Ya ga abin da birkin nan ya yi a gaban masallaci, ya kusa jefa yaron ta kai. Ya san idan ya yi masa magana zai yi dariya ya kawo masa Turanci, shi ya sa ya bari sai da ya yi barci. "Na gaban kaɗai na sa aka kashe, Yaya. Na bar masa na ƙafa, wanda ake tsayawa da shi. Shi ne ya ƙi. Shi ne wancan mai shagon ya taɓa."

Na dube shi. Ya yarda da abin da yake faɗa har zuciyarsa. Kwanakin nan duk yana zaune yana karɓar gaisuwa da tunanin cewa shi ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Na yi shekaru ina gaya wa yara cewa amsarsu ba daidai ba ce, ban taɓa jin bakina ya yi nauyi irin na ranar ba. Na tuna Anastasia a bakin tabarmata.

Na ce, "Lawal, na ƙafa bai ƙi ba. Na ga sawunsa a kwalta, ya kama har taya ta kulle."

Ya ce to me ya hana shi tsayawa?

Na tambaye shi, idan yana cikin mota direba ya taka birki da ƙarfi, ina jikinsa yake tafiya. Ya ce gaba. Na ce nauyin babur ma can yake tafiya. Ya taru a kan tayar gaba ya danne ta da ƙasa, ta baya kuma ta yi sakayau, kusan ba ta taɓa titi. Abin da ya gani a gaban masallaci ke nan. Tayar da ba nauyi a kanta, ko ka kulle ta, sulɓi kawai za ta yi. Shi ya sa masu ƙera shi suka sa manyan faifai biyu a gaba, suka sa ƙarami ɗaya a baya. A kan ƙaramin babur, a cikin yashi, da gudun da bai fi na doki ba, maganarsa tana da rabin gaskiya, na ƙafa yana isa. Amma wannan yana cinye tsawon filin ƙwallo kafin mutum ya gama cewa bismillahi. Kusan duk tsayuwarsa a gaba take.

Ya ce in haka ne, ai da Fahad ya ji hannun birkin ya saki tun a ƙofar gida.

Na ce daga ƙofar gida har kwalta yashi ne, kuma an koya masa kada ya taɓa na gaba a yashi. Bai taɓa ba. Farkon matsawarsa a ranar, amalanke na gabansa.

Lawal ya zauna a bakin gado. Ya kai hannu ya dafa kafaɗarsa ta dama, ya riƙe. Daga waje ana jin sallamar wasu baƙi da suka zo daga Kabo, ana cewa a yi haƙuri Dagaci yana ciki. Ya tambaye ni, da an bar shi yadda yake, da ya tsaya? Na so na ce Allah ne masani na tashi. Na ce masa wurin miƙaƙƙe ne, kwalta a bushe, kuma inda layin ya fara da nisa. Da ya tsaya, ko kuma ya iso da gudun da zai karya ƙafa kawai.

Ya ce wa ya sani bayan ni. Na ce Muntari, kuma ya daina cin abinci. Ya ce Barira fa? Na ce ba ta sani ba, kuma ba daga bakina za ta ji ba. Amma idan aka shafa addu'ar bakwai gobe bai ce komai ba, zan tafi Gwarzo na zauna a bakin shagon Dachung da kujerata, duk wanda ya zo da fetur na gaya masa abin da na gani.

Ya ɗauki rawaninsa ya fara naɗawa, ya warware ya sake. Na fita na bar shi.

Washegari da safe ƙofar gida ta cika har bakin masallaci. Hakimi ya turo wakili, dagatai na kewaye sun zo, malamai sun jeru a gaba. Mu mata muna cikin soro, ni ina bakin ƙofa inda nake ganin waje ta gefen asabari. A can baya samari sun tsaya a kan baburansu ba su zauna ba, na ga jarka biyu ɗaure a bayan ɗaya. Aka yi addu'a, aka shafa, aka fara raba waina da goro. Samarin suka fara tayar da injina.

Lawal ya miƙe. Ya ɗaga hannu, mai shela ya ce a kashe babura, Dagaci zai yi magana. Aka kashe ɗaya bayan ɗaya. Barira ta taso ta tsaya a bayana, ina jin numfashinta a wuyana.

Bai ɗaga murya ba, amma an ji shi.

"A je a gaya wa hukuma su saki Dachung, kada kuma wanda ya je ƙofarsa. Bai taɓa babur ɗin ba. Safiyar ranar, Fahad yana barci, ni na kira bakanike na sa ya zubar da man birkin gaba. Da shi babur ɗin yake tsayawa."